Tsaga ta Uku a Kuncin Hagu

Isufu mai fenti bai taɓa buɗe baki ya ce na'ura ta ƙwace masa sana'a ba. Mutane ne suke faɗa a madadinsa, har da masu zuwa yi masa jaje, shi kuwa ya saurare su yana kurɓar shayinsa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana zanen allunan shaguna a Birnin Konni. Kawunan da ke ƙofar masu aski aikinsa ne, ragon mai tsire na bakin tasha aikinsa ne, haka ma zakunan da ke bayan manyan motoci, waɗanda in za a faɗi gaskiya sun fi kama da kyanwar gidan mahauci. Ba wanda ya taɓa gaya masa haka a gabansa, don a duk garin ba wanda ya taɓa ganin zaki ido da ido balle ya yi masa gyara.

Sai 'yarsa Mansura ta dawo daga Yamai da mijinta da 'ya'yanta biyu, ta raba rumfarsa gida biyu, ta sa wa rabinta ƙofar gilashi. Ta kafa ordinatar, wato kwamfuta, da wata babbar na'urar buga hoto mai gurnani. A cikin ordinatar ɗin akwai abin da rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, Isufu kuma yana kiransa aljanin Mansura. Ta rubuta masa abin da ake so, kafin shayi ya tafasa hoto ya fito. Tela ya ce yana son mace cikin leshi, ga ta nan kamar za ta yi magana. Mai gidan abinci ya ce shinkafa da kaza, ga su har da tururi.

Abin da masu jajen ba su sani ba shi ne, gwiwoyin Isufu sun daɗe suna roƙon a raba su da tsani. Yanzu yana zaune a inuwa, jikokinsa suna wucewa lakwal, makarantar boko, suna gaishe shi, ribar shagon kuma gida ɗaya take shiga. Ya ma samu sabon muƙami, na ƙirga yatsu. Aljanin yana da hannu, amma wani sa'in yakan ba mutum yatsu shida, ya taɓa ba rago ƙafa biyar. Don haka ba abin da ake bugawa sai Mansura ta leƙo ta ce, "Baba, zo ka duba." Ya tashi da ƙasaita, ya gyara tabarau, ya ƙirga, ya koma kan bencinsa yana jin kansa kamar alƙali. Akwatin burusansa na ƙarƙashin bencin, ƙura ta fara yi masa riga, kuma hakan bai hana shi barci ba.

Wata Laraba, ranar kasuwa, da hantsi, wata tsohuwa ta sauko daga kabu-kabu a ƙofar rumfar. Siririya ce, da baƙin mayafi da rana ta cinye, ta rungume wani ƙullin tsumma a ƙirji. Ta yi sallama, aka gaisa aka tambayi gida da gajiya. Ta ce sunanta Shatu, daga Tajaye ta fito tun asuba a motar kasuwa.

"Nan na aka tada hoton da ya mutu?" in ji ta.

Mansura ta yi murmushi. "Nan na, Inna. Shigo ki zamna."

Isufu ya matso da bencinsa bakin ƙofa, don shi ba ya son labari ya wuce shi. Tsohuwar ta kwance tsumma, cikin tsumma akwai leda, cikin leda akwai wani tsumman, sannan ga tsohon katin ɗan ƙasa. Hoton jikinsa bai fi babban yatsa ba. Ruwa ya taɓa shi, ya yi jirwaye, ya kakkarce, sai dai a ce ga alamar hula, ga alamar idanu.

Mansura ta karanta sunan da ƙarfi. "Sha'ibu. Shi na maigidan naki?"

Shatu ta kawar da kai, ta ce, "Shi na." Matan zamaninta ba sa kama sunan miji, ba sa tsayawa su zuba masa ido, ko da kuwa ya shekara tara a ƙasa. Nata ya shekara tara ɗin.

Ta ce hoton nan kaɗai ya taɓa ɗauka a duniya, shi ma don jandarmomin hanya sun dame shi lokacin da yake zuwa cin rani. Damina uku da suka wuce ɗaki ya yi yoyo a kan akwatinta. A lokacin ba ta damu ba, don tana da wani a ajiye inda ruwa ba ya kaiwa.

"Da can in na rufe ido sai in gane shi tsaye da kalmen noma ga kahwaɗa," ta ce, tana murza bakin mayafinta. "Bana in na rufe ido, hula nika gani da riga. Tsakani babu komi. Shi na ya hana ni kwana, ɗiyata. Wata maƙwabciyarmu ta ce nan Konni akwai mai maido shi."

Ba ta yi kuka ba, ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin gero bai yi ba. Amma maganar ta zauna wa Isufu a ƙirji, har ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba. Ta ƙara da cewa motarsu za ta juya da an yi la'asar, direban kuma, wani Dogo, ba ya jiran kowa.

"Kahin azahar kin gama," in ji Mansura, da ƙarfin gwiwar wadda ta yi irin wannan aiki sau ɗari.

Ta ɗauki katin a waya, ta tura cikin ordinatar, ta rubuta 'yan kalmomi. Ba a daɗe ba fuska ta bayyana a kan gilashin, babba, tas, babu jirwaye babu karce. Dattijo ne mai haske, fata sumul, gemu a gyare, kamar wanda bai taɓa sanin ranar gona ba. Ko Isufu sai da ya jinjina kai.

Shatu ta matso. Ta dubi mutumin ido cikin ido, ta daɗe tana dubansa, ta karkata kai dama ta karkata hagu.

"Tubarkalla, kyakkyawan mutum," ta ce. "Ɗan wane gari na?"

Mansura ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Inna, ai shi na."

"A'a. Wanga ko aska bai da."

Nan Isufu ya miƙa hannu aka ba shi katin. Ya fita da shi rana, ya ɗora tabarau biyu, nasa da na marigayiya matarsa da yake ajiye da shi don irin wannan rana. Ya juya katin a hankali har haske ya kwanta a kansa. Karcen ruwa ya bi ko'ina yadda ya ga dama, amma a ƙarƙashinsa akwai wasu siraran layuka masu tsari, na tsagar gado, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne.

"Bagobiri na?" ya tambaya.

"Ubanai daga wajen Tsibiri ya taso," in ji Shatu.

Isufu ya dubi 'yarsa yana ƙunshe dariya. "Aljaninki ya cika tsabta. Ya iske karce ya share, ya iske askar mutane ya ce ita ma karce ta, ya haɗa ya wanke."

Mansura ba ta saba a kayar da ita a shagonta ba. Ta gyara zama, ta rubuta wa na'urar cewa ta sa wa mutumin tsagar Gobirawa. Na'urar ba ta yi musu ba, ita ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Ta fito da shi da manyan layuka uku a kowane kunci, a kwance, kamar gashin bakin muzuru. Aka sake. Ta shafa masa farin alli a goshi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin ido, irin na mutanen wata duniya. Aka sake, ta mayar da shi saurayi. Kowane ya fito Shatu sai ta dube shi da kyau, cikin ladabi, ta girgiza kai.

Mansura ta koma tambaya. Hancinsa dogo ne ko gajere? Leɓensa fa? Idanunsa manya ne?

"Wai ni na taɓa tsayawa kallon hancinai?" in ji Shatu, da mamakin a ce mace mai aure ce take wannan tambaya. "Shekara arba'in muna tare. In ya shigo ƙasa nika dubi. Hanci dai shina da shi."

Isufu ya yi dariya har da tari. Amma da aka kira azahar, aka je aka dawo, dariyar ta ƙare. Tsohuwar ta ƙi cin abincin da aka sayo mata, ta fara naɗe tsummanta. Ta ce ba komai, Allah bai yi ba, ta gode da wahalar da aka sha. Yadda ta faɗi ba komai ɗin ne ya sa Isufu ya sunkuya ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin benci.

"Buga mini na farin nan," ya ce wa Mansura. "Ga takarda mai kauri, wadda ba ta ƙyalli."

"Wanda ta ce ba shi na ba?"

"Ƙashin fuskar nashi na. Dubi kunnuwa, dubi goshi. Ni ko shekara zan yi da katin ga, ba ni fiddo su haka. Abin da ya iya ya yi. Saura aikina."

Aka buga, ya kafa takardar a jikin allo a bakin rumfa. Gwangwanayen fentinsa biyu sun bushe, na ukun sai da aka sa wuƙa. Ya zaɓi burushi mafi siriri, wanda ya ɗaure da hannunsa da gashin wutsiyar akuya tun Mansura tana goye. Da farko ya bi fatar da ruwan kala, ya mayar da ita ta manomi, wadda rana ta dafa shekara da shekaru. Ya rage gemun, ya ɗan zurfafa gefen idanu. Hannunsa ya yi nauyi a bugun farko, a na biyar kuwa ya tuna hanya. Wani daɗi ya riƙa ratsa shi wanda ya manta da irinsa, har ya kama ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro.

Sannan ya zo kan aska. Nan fa gidansa ne. Ya girma da Gobirawa, ya yi musu zanen shaguna, ya sha faɗa da su a kan kala. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa. Ya duba katin ya tabbatar da ɓangaren da ya fi yawa, ya ja su ɗaya bayan ɗaya, a miƙe, tazararsu daidai, babu wanda ya fi wani kauri. Masu wucewa kasuwa suka fara tsayawa. Wani mai kabu-kabu ya kashe mashin ɗinsa ya ce lallai tsohon hannu daban ne. Isufu ya yi kamar bai ji ba, alhali har cikin ƙashinsa ya ji.

Ya ja da baya, ya goge hannu. "To, Yaya, bismilla."

Shatu ta taso. Ta tsaya gaban hoton, ta zuba masa ido kamar yadda ta zuba wa na baya. Ta daɗe fiye da ɗazu.

"Bagobiri na kam," ta ce a hankali. "Kamar wani ɗan'uwanai. Amma ba shi na ba, Malam."

Masu kallo suka watse da sauri, kamar yadda mutane ke yi in sun ga babba zai ji kunya. Isufu kuwa ya ji ta. Ɗazu yana yi wa na'ura dariya don ta gyara mutum fiye da yadda Allah ya yi shi, ga shi shi ma abin da ya aikata ke nan. Askar allon shago ya zana, ta kowa da kowa, ba ta Sha'ibu ba. Daga masallacin tasha aka fara gwada lasifika, alamar la'asar ta kusa.

"Ina ya saɓa?" ya tambaya, murya ƙasa. "Hwaɗa mini ko kaɗan na."

"Ban iya hwaɗi ba."

"Ba ki tuna ba?"

Ta dubi Mansura, ta dubi titi, ta ga ba kowa kusa. Sai ta rufe ido, ta ɗaga hannunta na dama, ta kai yatsa gefen bakinta na hagu. Yatsan ya tashi daga gefen baki ya bi kunci ya nufi kunne, ya dawo ya ɗauki na biyu. Ba a miƙe yake tafiya ba, yana ɗan lanƙwasa ƙasa a ƙarshe, yadda fata ke yi in shekaru sun ja ta. Isufu ya kafa idonsa a kan yatsan. A layi na uku yatsan ya kai tsakiyar kunci ya tsaya, ya ɗaga, ya tsallake kamar faɗin ƙwayar gero biyu, ya sauka ɗan ƙasa kaɗan, sannan ya ci gaba.

"Sake na ukun," in ji Isufu.

Ta sake. Nan dai ya tsaya, nan ya tsallake.

Ta buɗe ido, kunya ta kama ta kamar an same ta tana satar nama a tukunya. "Uwatai ta ce atishawa ya yi ga hannun wanzami, ran suna," ta ce, tana kallon ƙasa. "Ni ban gani ba. Hannuna dai ya sani."

Mansura ta juya ta kama gyaran takardun da ba su buƙatar gyara. Isufu ya sake ɗaukar burushi. Ya haɗa kalar fata a murfin gwangwani, ya shafe wutsiyoyin layukan, ya jira iska ta sha su, ya sake jansu da lanƙwasar da ya gani. Sannan ya ɗauki ɗigo ɗaya a bakin burushi ya ɗora a tsakiyar tsaga ta uku, ya katse ta. Ya sauko da ragowar ƙasa kaɗan. Duk aikin bai kai tafasar shayi ɗaya ba. Ga idon mai zanen alluna, ya ɓata aiki mai kyau ne da hannunsa.

Ana cikin haka aka kira salla. Daga can bakin tasha wata tsohuwar mota ta fara danna oda ba ƙaƙƙautawa, ba sai an gaya wa kowa Dogo ne ba.

Isufu ya matsa gefe, bai ce bismilla ba wannan karon.

Shatu ta ɗago kai. Dubawa ɗaya ta yi. Sai ta yi sauri ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta ya rufe rabin fuskarta, ta ɗan juya kafaɗa gefe. Ta tsaya a haka, idonta a kan takalmanta, yatsunta suna wasa da bakin zane.

Mansura ta matso kusa da ubanta, ranta a ɓace, ta yi masa raɗa. "Baba, shi ma bai yi ba. Ko dubinai ba ta son yi."

"Tun hantsi kin ga wanda ta kasa dubi?" in ji Isufu.

Mansura ta juya. Ta dubi tsohuwar, ta dubi hoton, idanunta suka kawo ruwa. Ta shiga ciki ta ɗauko firam mai gilashi, wanda ta fi ji da shi, ta ce fentin bai gama bushewa ba, kada a bari gilashin ya taɓa shi, ta sa kwali a gefe-gefe ta ɗaure. Za ta naɗe shi a jarida Shatu ta ce a'a, ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta, sabo, ta shimfiɗa a kan tebur. Ko da take naɗewa, gefe take kallo.

Ta bar musu ƙullin wake da ta ce na gonar maigidan ne, har yanzu ita ke sa a noma ta. Isufu ya raka ta tasha da kansa, yana ɗingisa gwiwa, fenti a yatsunsa. Motar ta cika maƙil, buhuna da awaki a sama, mutane a ciki kamar an danna su da ƙafa. Dogo ya miƙo hannu yana faɗa.

"Inna, ke kaɗai muka jira. Kawo kayan ga in aza bisa."

Shatu ta ƙanƙame ƙullin hoton a ƙirji. "Ba kaya na ba."

"To mi na?"

Ba ta ba shi amsa ba, ai ba ta kama suna. Ta shiga ta zauna a bakin taga, ta ɗora shi a cinya a tsaye, ta ɗan sassauta ɗankwalin ta sama yadda iska za ta shiga. Da motar ta tashi Isufu ya hango ta ta sunkuya kaɗan, mayafi a baki, tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta kallon wanda take yi wa. Daga yadda take nuna titi da haɓa, ya gane labarin Konni take ba shi, yadda garin ya canza a shekara tara.

Ya koma rumfa a hankali. Mansura ta riga ta wanke masa burusan, ta jera su a kan teburinta kusa da ordinatar, ba ta mayar da su ƙarƙashin benci ba. Ya zuba ruwa a buta, ya ce ta ɗora wani shayin kafin ya dawo daga masallaci, na ɗazu ya huce.